Mashayar Gabas

Tafkin garinmu mashaya uku gare shi, kuma tun kafin a haifi kakana aka raba su. Ta yamma ta dabbobi ce. Ta kudu ta masu wanki ce da masu kwaɓa ƙasar gini. Ta gabas, wadda take gindin wata tsohuwar tsamiya, ta ruwan sha ce: ba a shigar ta da takalmi, ba a kai mata sabulu, ko akuya ba a bari ta sa baki. Gidan su mahaifiyata ne suke riƙe da wannan doka, daga uba zuwa ɗa, har ta zo hannun yayanta, Kawu. Ina yaro na sha dorinarsa sau biyu a gindin tsamiyar nan, kuma duk sau biyun ni ne da laifi.

Sai aka haƙa mana burtsatse mai aiki da hasken rana, aka ɗora tanki a sama, aka jera famfuna. Daga nan mata suka daina zuwa gabas, ciyawa ta cinye hanyar. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya rataye dorinarsa a zaure. Ba wanda ya ce an soke dokar, ba kuma wanda ya ƙara tunawa da ita. Garinmu yana arewa da Sule Tankarkar, inda rijiya take cinye igiya har hannun mutum ya gaji kafin guga ya taɓa ruwa. Wanda ya tashi a irin wannan wuri bai kamata ya manta da darajar ruwa ba, amma shekara bakwai na famfo sun ishe mu mantawa.

Ni malamin firamare ne, kuma manomi, kamar kowane malami a ƙasarmu. Ina da wani hali da na san ina da shi, matata ma ta sani: na tsani in ce ban sani ba. Gara in yi kuskure da ƙarfin hali da in yi tambaya a gaban mutane. Wannan hali shi ya kai ni inda zan faɗa.

A daminar da nake ba da labari, wake na zuba a gonar marigayi mahaifina, wadda take gangaren tafkin ta gefen gabas. Waken ya yi kyau har mutane suna tsayawa a bakin hanya suna sa albarka. Yana fara fure tsutsa ta shiga. Na yi feshi sau biyu da maganin da muka saba, tsutsar nan ko gezau, sai ma ƙiba da ta ƙara. Kullum da safe in je in tarar da furen ya zube a ƙasa, in dawo gida ina faɗa da kowa, har da kaji.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari. A bayan masu sayar da igiya da akala na sami wani mutum ya baje kwalabe a kan tamfol. Na gaya masa damuwata. Ya sa hannu cikin buhu ya zaro wata kwalba mai jan murfi.

"Wannan daga ƙetare yake, Malam. Tsutsar da ta ji warinsa, ita da jikokinta sun gama yawo."

Na juya kwalbar. Rubutun jikinta duk Faransanci ne, ƙanana-ƙanana.

"Ai ka iya karantawa ko, Malam?"

Akwai mutum uku tsaye a wurin, ɗaya daga cikinsu uban wani ɗalibina ne. Na ce, "Na iya mana." Na ɗan motsa leɓe kamar mai karatu, na gyaɗa kai. Ya ce murfi biyu a cikin injin feshi guda. Tun kafin in hau babur na yanke a raina cewa biyar zan zuba, tunda tsutsar gonata ba ta jin magana.

Ranar Asabar da sassafe na goya injin feshi, na sa takalmin roba, na nufi gona. Wanda bai taɓa feshi ba bai san ruwan da yake ci ba. Gona irin tawa sai an cika injin fiye da sau goma, kuma ruwan dole ya zama garau, don ɗan bakin da yake fesowa ƙanƙane ne, laka kaɗan ta toshe shi. Famfo yana can cikin gari, ga nisa ga layi. Mashayar yamma shanu sun dame ta. Ta kudu duk kumfar sabulu ce. Ta gabas kuwa tana kwance a inuwa, kana ganin yashin ƙasanta, kuma taku kaɗan ne daga gonata. Na tsaya a bakinta na ɗan lokaci, na tuna dorinar Kawu, na yi dariya. Na shiga da takalmina.

Akwai wata saiwar tsamiyar da ta miƙe har cikin ruwa. A kanta na ajiye kwalbar a buɗe, don kada in yi ta wahalar buɗewa da rufewa. Cikawa ta farko lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku na sunkuya zan saɓa injin, igiyar goyonsa ta shari kwalbar. Ina ji ta ce ƙwal, ta gangara.

Ruwan ya yi fari kamar an zuba nono. Farin ya riƙa buɗewa a hankali yana bin gefen saiwar, wari ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Kafin in lalubo kwalbar, abin da ya rage a ciki bai kai rubu'i ba. Abin da na yi bayan nan har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina: na sa ƙafa na dama ruwan, wai don farin ya ɓace. Sannan na ɗaga kai na duba gabas da yamma. Ba kowa. Na ce a raina, ai ba mai shan ruwan nan yanzu. Na ƙarasa feshina da ɗan abin da ya rage, na dawo na wanke injin a wurin, tunda dai an riga an ɓata.

Washegari na koma dubawa. Talibambam sun taru a bakin ruwa sun yi baƙi, ba mai motsi. Ƙananan tarwaɗa sun juyo ciki sama. Har da wata balbela guda a kwance cikin ciyawa. Na ɗauko fartanya na haƙa rami a bayan tsamiya, na tattara su na binne, na baje ƙasa da ƙafa. Ina yi ina waige.

A ranar, bayan la'asar, injin burtsatse ya ƙone.

Ina zaune a ƙofar gida aka zo da labarin. An kira mai gyara daga Gumel a waya, ya ce abin da ya ƙone sai an aiko da shi daga Kano, a ba shi mako guda ko fiye. Ruwan da ya rage a tanki bai kai magariba ba. Mutane ba su tayar da hankali sosai ba, don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, tafki yana da ruwa. Mata suka shiga fito da tsofaffin tuluna suna wankewa. Kawu ya sa aka sassabe hanyar gabas, ya sa aka sauko masa da dorinarsa, aka shafa mata mai. Na daɗe ban ga tsohon nan cikin farin ciki irin na ranar ba. Ni kuwa tuwon da aka kawo mini ko loma uku ban yi ba.

Litinin da safe zan tafi makaranta, na tarar da su a hanya: mata a jere, tulu a ka, jarka a hannu, sun nufi tsamiya. Na rage gudu. Wallahi na rage gudu, har ƙafata ta taɓa ƙasa. Matar maƙwabcina ta ce, "Malam, an tashi lafiya?" Na ce lafiya lau. Kalma huɗu ko biyar ce kawai ake bukata in faɗa, amma bayansu akwai tambaya: ya aka yi ka sani? Sai na shiga ba kaina hujja. Kwana biyu sun wuce. Tafkin yana da girma. Rana tana kashe ƙarfin magani. Na ja babur na wuce, na je na koya wa yara darasin tsafta.

Da aka tashi ban koma gida ba. Na ɗaure jarkoki huɗu a babur na tafi Sule Tankarkar sayen ruwa, kwalbar tana aljihuna a naɗe cikin leda. A tasha na ga wani direba da na sani, mutumin Damagaram, wanda ya yi boko a can kafin ya kama tuƙi. Na ja shi gefe na miƙa masa.

Ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya sake karantawa, sannan ya kira ni yadda suke kiran malamin makaranta a can.

"Mushe, wannan ai na auduga ne. Ba a sa shi ga abin da za a ci. Ka ga nan?" Ya nuna mini wani ɗan hoto a ƙasan takardar, kifi ne a kwance da busasshiyar bishiya. Kusa da shi ga ƙoƙon kan mutum. Wannan ba ya bukatar Faransanci. Da na duba tun a kasuwa da na gani, amma a lokacin hankalina yana kan yadda zan motsa leɓe.

"An ce kada ya kusanci rijiya ko tafki, ko butalin, wato kwalbar, in ya ƙare kada a wanke a ruwa. Ina ka fesa shi?"

Na ce, "Na wani ne."

Ya ce, "To ka gaya wa wanin nan ya ji tsoron Allah."

Na dawo gida da ruwa, na sauke a tsakar gida, na kafa doka da babbar murya: daga yau ba mai shan ruwan tafki a gidan nan, ba mai girki da shi, ko alwala ban yarda ba. Matata ta tambayi dalili, na ce ruwan kwance yana kawo ciwon ciki, kuma ni ba a yi mini gardama a gidana. Ta dube ni, ta shiga kawar da jarkokin.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince zoɓo. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana da magana sai ta bi ta kan wani, ko da ina tsaye a wurin. Ba ta ɗago ba ta ce wa matata, "Ki tambayi mijinki, yaushe cikinmu ya fi na maƙwabta daraja?"

Na yi kamar ban ji ba. Da matata ta kai mata jarka guda, ta ce a mayar, randarta da sauran ruwan famfo.

Ranar Talata magana ta fara yawo. Wasu suka ce ruwan yana warin kananzir. 'Ya'yan maƙwabcina biyu suka wuni suna amai. Wata tsohuwa a unguwar yamma ta ce kanta kamar zai tsage, ga jiri. Da farko aka ce ai cikin mutane ne ya manta ruwan tafki, zai saba. Na ji wannan magana a bakin masallaci, na gyaɗa kai tare da kowa. Amma kafin la'asar zancen ya sauya. Wani ya ce ya ga sawun shanu kusa da tsamiya. Wani ya ce ai Fulanin ruga suna wanke shanunsu da maganin kaska, wa ya sani ko a gabas suka wanke. Kafin a yi haka samari sun ɗauka, har ana cewa gobe za a je a tashe su.

Rugar da ake magana tana bayan tafkin, arewa maso gabas, kuma mai ita abokin mahaifina ne. Baffa muke ce masa. Kowace shekara in an kawar da amfanin gona shi yake zaunar da shanunsa a gonarmu su ci kara su bar mana taki, tun kafin a haife ni haka ake yi. Ya ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarami. In ya shigo gari, zaurenmu ne masaukinsa, ba ya ma jira a kawo masa ruwa, da kansa yake ɗaukar moɗa ya buɗe randa.

A yammacin nan ya yi sallama a zaure. Ko zama bai yi ba ya fara magana.

"Ɗan abokina, maruƙana biyu sun mutu tun shekaranjiya. Tsohuwa mai ɗakina kuma tana kwance, yawu yana zuba, jikinta yana rawa, ba ta gane mutane sosai. Ka taimake ni da mota zuwa asibiti."

Sai a lokacin abin da na sani tun ina yaro ya dawo mini. Mutanen ruga ba su taɓa shan famfo ba. Ya yi musu nisa, kuma matansu ba sa son layin cikin gari. Duk shekarun nan da muka bar mashayar gabas, su ba su bar ta ba. Daga nan suke ɗiban na sha, daga nan suke kai wa maruƙan da ba su isa bin garke ba. Ranar Asabar da na ce ba mai shan ruwan nan, ƙila ko awa guda ba a yi ba matar Baffa ta zo da ƙwaryarta. Ba mantawa na yi ba. Ban dai lissafa su cikin mutane ba ne, kuma wannan ya fi mantuwa muni.

Ya zauna a tabarma, ya ce ƙishirwa yake ji. Na zuba masa daga jarka. Ya shanye, ya ce, "Kai, wannan ruwa da daɗi yake." Sannan ya rage murya. "Na ji abin da ake faɗa a gari. Shekara arba'in ina shayar da shanu a yamma, ban taɓa kai ko ɗaya gindin tsamiya ba, Kawunka shaida ne. Kai mai ilimi ne, suna jin maganarka. Ka gaya musu ba mu ba ne."

Na ce, "In sha Allahu, Baffa."

Na nemo mota, na taimaka aka ɗauko tsohuwar aka sa ta a baya. Ba nauyi gare ta ba ko kaɗan. Suka kama hanyar Gumel, na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana. Na yi duk abin da mutumin kirki zai yi in ban da abu guda. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai. Ba na hukuma ba, ba na duka ba. Tsoron a ce Malam ne, a faɗa a kasuwa, yara su ji.

Laraba da safe ina ɗaure jarkoki a babur, sai na ga Inna ta fito da tulu. Shekarunta sun wuce na ɗaukar tulu, rabon da in ga ta ɗora shi a ka har na manta. Matata ta taso da sauri za ta karɓa, ta ɗaga mata hannu. Ta fita. Na tsaya riƙe da igiya, na kasa ɗaurewa na kasa kwancewa. Daga baya matata ta gaya mini cewa tun ranar Litinin Inna ta shiga gidan maƙwabta ta sunsuna randarsu, ta dawo ta sunsuna rigar da na yi feshi da ita, wadda aka wanke sau biyu warin bai fita ba. Kwana biyu tana jira in buɗe baki da kaina.

Ta dawo tana haki, zaninta ya jiƙe ta gefe. Ta sauke tulun a tsakiyar gida, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta sa aka miƙo mata moɗa. Ta cika ta. Sannan ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido.

"Kai. Zo nan."

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba.

"Randata ta ƙare. Wannan shi ne ruwan da maƙwabtana suke sha, shi 'ya'yansu suke sha. Ni ba zan sha na jarka su sha wannan ba. In lafiyarsa ƙalau, in sha. In kuwa da abin da ka sani, to ka faɗa."

Daga inda nake ina jin warin, kaɗan ne, amma hancina ya riga ya san shi. Na ce, "Inna, don Allah..." Ba ta jira ba. Ta yi bisimilla ta kai moɗar baki.

Na kaɗe ta. Da hannuna na kaɗe moɗa daga hannun mahaifiyata, ta yi sama ta faɗi can kusa da murhu, ruwan ya watsu a jikinta. Matata ta yi salati. Ni kuwa bakina ya ɓalle, na faɗi komai, da kwalbar, da saiwar tsamiya, da ramin da na binne kifi, da abin da direba ya karanta. Ina faɗa ina kuka kamar ba magidanci ba.

Inna ta goge fuskarta da gefen mayafi. Ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Yanzu haka akwai mata a can suna ɗiba."

Ban hau babur ba, ban san dalili ba, da ƙafa na ruga. Tun daga nesa nake ihu, "Ku zubar! Kada ku sha! Ku zubar!" Mata suka tsaya cak da tuluna a ka. Kawu yana zaune a kan saiwar nan dai, dorina a cinyarsa. A gefe kuma samari ne kusan goma da sanduna, sun biyo ta nan za su wuce ruga.

Na tsaya a gabansu numfashina yana sama. Na ce ba Fulani ba ne. Na ce ni ne. Na zaro kwalbar na ɗaga kowa ya gani, na sake faɗin abin da na faɗa wa Inna, wannan karon ba kuka, don kukan ya ƙare. Matar maƙwabcina, wadda ta gaishe ni ranar Litinin, ta sauke tulunta a hankali ta ce, "Malam, ka wuce mu a hanya fa. Ka amsa gaisuwata." Wani saurayi ya yo kaina da sanda, aka riƙe shi.

Kawu bai motsa ba. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

"Da takalmi ka shiga?"

Na ce, "Da takalmi, Kawu."

Na so ya ɗaga dorinar nan, wallahi na so. Sai ya ajiye ta a ƙasa, ya ce wa samarin su bar sanduna su ɗauko gatura, a saro ƙaya a kewaye tafkin gaba ɗaya, har yamma da kudu. Ya ce a aika gida-gida a zubar da abin da ke randa, a wanke da toka. Ya ce mutum biyu su je ruga su faɗa, su kuma ba da haƙuri da sunan gari. Ni bai ƙara ce mini komai ba, ranar da ma kwanakin da suka biyo.

Kwana tara aka yi kafin a gyara burtsatse. A kwanakin nan da amalanke ake jawo ruwa daga ƙauyen da ke kudu da mu, dabbobi kuma aka riƙa kora su tafiyar rabin wuni. Na ɗauki izini a makaranta, na wuni ina jigilar jarkoki a babur, ina saukewa ƙofa-ƙofa. Wasu su karɓa su yi shiru, wasu su ce in wuce da abina. Malamin gona ya zo daga ƙaramar hukuma ya duba, ya ce waken da na fesa kada a ci kada a sayar, harawar ma kada a ba dabba. Na tuge shi da hannuna, na haƙa rami can nesa da gangare na binne. Yaran maƙwabcina sun warke. Tafkin kuwa ba a cire masa ƙaya ba har ya ƙafe da rani, aka kankare lakar gindin tsamiya aka kwashe, sai da wata damina ta sake cika shi.

Tun daga shekarar aka ƙara doka ta huɗu a kan ukun da muka gada: injin feshi ba ya zuwa bakin tafki, ko a cike ko wayam. A gona ake haɗawa, a gona ake wankewa, a rami. Da yake yanzu sai mutum ya ɗauki ruwan feshinsa a ka ko a amalanke, sai ga shi kowa ya koyi tsimi. Ni kaina sai na bi kunyoyin gona ɗaya bayan ɗaya na buɗe fure na ga tsutsa da idona kafin in taɓa injin, kuma da jiƙon 'ya'yan darbejiya nake farawa. Feshin da nake yi sau biyar ya koma ɗaya ko biyu, waken kuma bai fasa yi ba. Kwalbar da ban iya karanta ta ba, ko kyauta aka ba ni ba na karɓa. Na koyi cewa ban sani ba, amma da tsada na koya, kuma ba ni na fi kowa biya ba.

Matar Baffa ta tashi, sai dai hannunta na dama bai daina rawa ba, ba ta ƙara iya tatsar saniya ba. Na je ruga da karsana a igiya. Baffa ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma in koma da karsanata. Da aka kawar da amfanin gona bai kawo shanunsa gonarmu ba. Suka tashi suka yi arewa, aka ce sun tsallaka iyaka.

Sai bayan shekara biyu na sake ganinsa. Wata Laraba ce da zafin rana, yana kora bijimai biyu zuwa kasuwar Maigatari. Na ji sallama a zaure, na gane muryar tun kafin in fito. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Muka gaisa, ya tambayi Inna, na tambayi tsohuwa, ya ce da sauƙi. Randa tana nan a kusurwar da ya sani, moɗar tana kan murfi, amma bai tashi ya ɗauka ba. Da na ga haka na tashi na ɗebo na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa. Ya duba cikin moɗar, ya kai ta kusa da hanci. Sannan ya miƙo mini.

"Fara sha, ɗan abokina."

Na sha rabi, yana kallon maƙogwarona. Ya karɓa ya shanye sauran, ya yi hamdala, ya ɗauki sandarsa ya bi bayan bijimansa.